Kalmar Da Ke Bayan Rigar Auta

Shafi na 19

Masu aiko min da saƙon "kin cika jan rai", na gani, na kuma yafe. Ke kuma mai cewa a kashe Yaya a huta, ki ji tsoron Allah, ɗan mutane ne. Ku gyara zama.

*

Tun daga bakin layi Auta ta san unguwar ta canza mata fuska.

Mai Shago ne ya fara hango ta. Mutumin nan a farkon annoba shi ya tsayar da ita, ya ɗauki hotonta da fararen kayan aikin jinya, ya ɗora a shafinsa ya rubuta "Jarumar layinmu", har da furanni. Yau kuwa yana ganinta ya jawo takunkuminsa daga haɓa ya rufe hanci, ya shiga tattara burodi daga kan tebur sai ka ce hadari ya taso.

"Sannu da kasuwa," in ji ta.

"Yawwa," ya ce wa burodin.

Ba ta tsaya ba. Wanda mahaifiyarsa ta kira tana kuka ba shi da lokacin jin haushin maƙwabci. Abin da Umma ta iya faɗa a waya ke nan: "Ki zo, numfashin Babanku ba ya sauka." Nan take Auta ta nemi izinin Babbar Sista, ta cusa kayan aiki a jaka, ta ce wa direban motar asibiti ya biyo bayanta da zarar ya sauke wanda ya ɗauko.

Duk wannan kallon banzan da ake mata, bidiyo ɗaya ne ya jawo shi.

Ta taga aka ɗauke shi, a ɗakin masu annoba. Wani tsoho kwance rub da ciki, wani mutum a kansa cikin farar rigar kariya tun daga kai har ƙafa, yana bubbuga masa baya da hannu biyu, faf-faf-faf. A bayan rigar an rubuta da baƙin alƙalami, manya-manya: KIFA. Sai wata murya mai kauri, wadda da ji ka san na'ura ce ta ƙara mata kaurin, take cewa:

"Jama'a ku gani da idonku. Har sun rubuta aikinsu a bayansu. Kifar da iyayenmu suke yi! Kada ku bari motar nan ta ɗauki kowa daga layinku."

Shafin Idon Unguwa ne ya sake shi, kafin a ce kwabo ya zagaye duniya. Waɗanda jiya suke tafa wa ma'aikatan asibiti, yau su ne suke rubuta "Allah ya isa". Ɗan Adam ke nan, hannun da ya yi maka tafi bai manta yadda ake jifa ba.

Ta tura ƙofar gida.

Kofinta da farantinta suna nan a kan taga ta waje, inda aka ware mata su tun kafin ta koma kwana a asibiti. Ƙura ta hau su. Ta ɗauke kai, ta wanke hannu a famfo, ta sa sabon takunkumi da safar hannu, ta nufi falo.

Yaya ne tsaye a ƙofar ɗakin Baba, ya tokare ta da hannu.

"Wa ya kira ki?"

"Ina wuni, Yaya."

"Na ce wa ya kira ki?"

"Ni ce," in ji Umma daga kan kujera, murya ƙasa-ƙasa.

Daga cikin ɗakin Auta tana jin numfashin. Gajere, mai sauri, kowane ɗaya da ɗan fito a ƙarshensa. Kunnenta ya san wannan numfashin fiye da yadda ya san kiran waya. 

"Ba ni hanya in duba shi."

"Dubawa kawai."

"To."

Ya janye hannu kamar ana cire masa haƙori.

Baba yana kwance rigingine, an tara masa matasai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogon mutane, hannunsa ko rawa ba ya yi, yau yatsunsa sai karkarwa suke a kan bargo. Ta maƙala masa ɗan abin awon iska a yatsa. Lambar ta fito. Ta kalle ta sau ɗaya, ba ta buƙatar na biyu.

"Baba, Auta ce."

Ya buɗe ido, ya ɗaga gira. Magana ta yi masa tsada.

Ta fito falo.

"Asibiti za shi. Iska yake buƙata, kuma ba a sayar da ita a kwano."

"Sai dai a bi ta kan gawata," in ji Yaya.

"Ba gawarka nake nema ba, ran Baba nake nema."

"A can ɗin? Baban abokina da ƙafarsa ya shiga wurin nan naku. Da ƙafarsa! A leda aka miƙo shi, ko fuskarsa ba a bari sun gani ba. Shi ne ni zan ɗauki nawa uban in kai muku?"

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Auta ta ji tausayinsa, don ta san tsoro ne yake magana da bakin yayanta. Amma tausayi ba ya ƙara wa mutum iska a huhu.

"Ana mutuwa, Yaya. A hannuna ma an mutu, ban ɓoye maka ba. Amma yawancinsu sai an gama ajiye su a gida irin haka ake kawo mana su."

"Daɗin baki."

Ya zaro waya. Ai dama mai gyaran waya ne, yatsansa ya fi bakinsa sauri. Ya dangwara mata a fuska.

"Wannan fa? Gani ya kori ji. Wannan ma daɗin bakin ne?"

Faf-faf-faf.

Umma ta kawar da kai.

Auta ba ta kawar ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Maido shi baya."

"Me?"

"Maido shi baya, ka ƙure ƙarar. Inda mai muryar yake cewa kifar da iyayenmu."

"Don me?"

"Ba ka ce gani ya kori ji ba? Yau ji ne zai kori gani. Ƙure."

Ya ƙure, yana hura hanci. Muryar ta cika falon. "Kifar da iyayenmu suke yi!" Sai mai maganar ya tsaya ya ja numfashi. A cikin wannan ɗan shirun, can nesa a bayansa, wani abu ya yi kuka.

Ku-kuu... ƙyat.

Umma ta ɗago kai a hankali. Ba wayar ta kalla ba, bangon falo ta kalla.

Agogon yana nan inda yake tun kafin a haifi Auta. Na katako, mai ɗan tsuntsu da yake leƙowa ya yi kuka. Wani ne ya kawo wa Baba gyara bai dawo ba. Tsuntsun in ya yi kukan farko lafiya, na biyun sai ya shaƙe kamar ya haɗiyi ƙashi. Baba ya gyara agogon kowa, wannan ya ƙi taɓa shi, wai shi ma tsuntsun yana da haƙƙin tsufa.

"Agogo ai da yawa a duniya," in ji Yaya. Amma wayar ta ɗan sauko daga fuskarta.

"Mai tari fa? Nawa ne a duniya?"

Ta nuna wata kujera a kusurwar falon.

"A kan kujerar can ka zauna ka naɗi muryar. Ka sa mata kauri, ka manta ba ka sa wa tsuntsun Baba ba."

"Babba," in ji Umma, da sunan da take kiransa in magana ta yi nauyi. "Kai ne Idon Unguwa?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli rufi. Da ya ga babu inda zai ɓuya, sai ya ɗaga ƙirji.

"Eh, ni ne! Ɗan tsohon ne ya ɗauka ya turo min. In gani in yi shiru? Ana dukan uban wani kamar jaki in yi shiru? Ko yanzu aka sake turo min, zan sake sakawa. Kuma wallahi da na san wace la'ananniya ce a cikin rigar nan..."

"Kada ka ƙarasa."

Umma ce. Ta miƙe tsaye.

"Kada ka ƙarasa, don bakinka zai koma kan nonon da ka sha."

Yaya ya juyo.

"Umma me kike..."

"Dubi ƙafarta."

Ya duba wayar.

"Dubi yadda ta ɗora ƙafar hagu kan ta dama ta sunkuya. Tsayuwar zalɓe. Tun tana wanke-wanke a bakin famfon can nake mata faɗa a kai. Ni na goya ta. Ko a buhu aka sa ta zan gane ta, balle a riga."

Wayar ta kusa suɓuce masa.

Auta kuwa, wannan ce ta same ta a inda ba ta shirya ba. Ta san Yaya ne mai muryar tun ranar farko, ta haɗiye. Amma ba ta taɓa kawowa Umma ta gane ta ba.

"Umma... kin sani?"

"Tun kallon farko."

"Shi ne ba ki tambaye ni ba?"

Hawaye ya zubo wa Umma.

"In tambaye ki me? In ce Auta, da gaske kina dukan tsofaffi? In kika ce min eh fa, ina zan sa kaina?"

Zagin duniya gaba ɗaya bai yi wa Auta zafin wannan ba. Baƙi sun kira ta makashiya, ta karanta ta wuce ta ci abincinta. Amma a ce Umma ta kwana ta tashi tana zaton haka, har tana tsoron amsar, wannan ya soke ta har ƙashi. Ta ji kuka yana taso mata. Ta mayar da shi, don a ɗakin can akwai mai buƙatar hannunta a bushe.

Ta miƙe.

"Yaya, juyo da bayanka."

"Ke..."

"Juyo. Ai ka ce duka ne. Namiji kamarka tsoron dukan ƙanwarsa yake?"

Ya juya, kafaɗunsa a ɗage. Ta lanƙwasa tafin hannunta, ta haɗe yatsu, ya yi kamar ɗan kofi. Ta nuna wa Umma.

"Kin ga? Ba a buɗe ba. Iska ce a ciki."

Faf-faf-faf-faf.

Falon ya ɗauka. Yaya ya runtse ido yana jiran zafi. Ya yi ta jira.

"Ya ka ji?"

Ya buɗe ido ɗaya.

"Na ce ya ka ji, Idon Unguwa?"

"...Babu zafi."

"Ƙara ce kawai. Majina ce take danƙare wa wasu a ƙirji, wannan ne yake sassauto ta su samu su tofar. Shi kuma kwanciyar rub da ciki, bayan huhu ne yake buɗewa, iska ta samu wurin shiga. Shi muke kira kifawa. A cikin rigar nan ba ka gane likita, ba ka gane mai shara, kowa fari fat. Shi ya sa ake rubuta wa kowa aikinsa a baya. Masu magani an rubuta musu MAGANI. Mu masu juya marasa lafiya an rubuta mana KIFA. Har tsokanarmu ake yi, wai 'yan kifi."

Umma ta rufe baki da mayafi.

"Tsohon fa?" in ji Yaya, da wata 'yar ƙaramar murya da ba ta buƙatar na'ura.

"Yana nan da ransa. Da safen nan ma ya zage ni tas, wai shayinsa ya huce."

"To me ya sa... me ya sa ba ku fito kun yi bayani ba?"

"Asibiti ya yi. Wa ya karanta? Bayani ba ya gudu kamar zagi. Ni kuma an hana mu nuna majinyaci, ba kayan talla ba ne. Da na buɗe baki na ce na san mai muryar, da yanzu kana wani wurin kana naka bayanin. Na duba Baba na yi shiru."

Ta matso kusa da shi.

"Ka san abin da bidiyonka ya yi? Gadaje sun yi sauƙi a wurinmu, Yaya. Ba don cutar ta tafi ba. Mutane suna ɓoye iyayensu a ɗaki. Sai leɓe ya yi baƙi ake kawo su, ranar kuma hannuna ba ya iya komai. Kai ka ce kana kare su."

Ya mayar da wayar aljihu.

Daga cikin ɗaki aka ƙwanƙwasa jikin gado. Sau ɗaya, a hankali.

Suka ruga.

Baba ya ji komai, ƙofar a buɗe take. Ya kalli Auta, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na iska.

"Ke... 'yar kifi..."

"Na'am, Baba."

"Zo... ki kifa ni."

Dariya da kuka suka haɗe wa Umma wuri ɗaya.

Auta ta buɗe tagar ɗakin gaba ɗaya, ta zaro takunkumi biyu ta miƙa musu.

"Ku sa. Yaya, zo nan. Mutum ɗaya ba ya kifa mutum."

Ya zo kamar yaron da aka kira ɗaukar sanda.

"Hannunka ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a ƙugu. Umma, ki riƙe kansa, ki juya fuskar wajenki. Ba ja za ka yi ba, mirginawa za ka yi. Sai na ce yanzu. Baba, ka bar mana nauyinka. Yanzu."

Suka mirgina shi. Ta tura matashi ƙarƙashin ƙirjinsa, wani a ƙafa, ta gyara masa hannu ɗaya sama. Ta kara kunne a bayansa ta saurara, sannan ta lanƙwasa tafukanta.

Faf-faf-faf-faf.

Yaya ya kalli ƙafarta. Ta hagu tana kan ta dama. Ya kawar da kai, ya share ido da kafaɗa.

Can sai Baba ya sarƙe da tari mai nauyi, ya tofar a tsumman da Umma ta tara. Ya ja numfashi. Wannan karon ya ɗan sauka. Lambar da ke yatsansa ta motsa, ta hau, ta ƙara hawa.

"Alhamdu lillahi!" in ji Umma. "Ya samu sauƙi! To ko a bar shi a nan ki riƙa..."

"A'a, Umma. Aron lokaci na yi masa, ba magani ba. Har yanzu iskar asibiti yake buƙata."

Ta kalli Yaya. Ta jira.

"Kira motar," in ji shi.

"Tana hanya. Tun kafin in shigo na kira."

"Wato ko na yarda ko ban yarda ba?"

"Na san za ka yarda. Taurin kai gare ka, ba mugunta ba."

Kamar an jira ta rufe baki, jiniya ta taso daga bakin layi. Ta matso, ta matso, sai ta ɗauke ɗif.

Abin da ya biyo bayanta ba ƙarar mota ba ce.

Hayaniya ce.

Auta ta juya wajen tagar da ta buɗe da hannunta. Tagar titi take kallo. Sai yanzu ta tuna ƙarar tafin hannunta ba ta san iyakar ɗaki ba.

"Mun ji da kunnenmu!" muryar wata mata. "Dukansa take yi! Ubanta fa!"

"Har gida suka biyo shi!"

Wayarta ta yi ƙara. Direba ne.

"Nas, akwai matsala. Sun gitta benci a hanya, sun zagaye ni. Wani yana neman sace min iskar taya. Ba zan iya ƙarasowa ƙofarku ba."

"Ka kulle gilashi ka zauna. Kada ka kashe motar. Ka buɗe tukunyar iskar ka shirya ta."

"Nas, mutanen nan fa..."

"Muna zuwa."

Sai ga muryar Mai Shago, ta fi ta kowa tashi, a daidai ƙofar gidan:

"Babu inda za a kai Mai Agogo! Mutumin kirki ne, ba za mu bari a kifar da shi ba! Idon Unguwa ya faɗa, kada ku bari motar nan ta ɗauki kowa daga layinku!"

Jama'a suka amsa.

Yaya ya jingina da bango. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka, sai dai yau ruwan kan mahaifinsa yake sauka. Ya zaro waya.

"Zan goge. Yanzu zan goge shi."

"Goge mana. Ka shiga wayar kowa ka goge? Magana zarar bunu ce, Yaya."

"To in fita in faɗa musu ni ne."

"Su ce ƙanwarka kake karewa. Sun san muryar can, ba su san taka ba."

Lambar da ke yatsan Baba ta sauka da ɗaya.

Auta ta gani. Ba ta faɗa ba, ta dai ƙara sauri.

"Tsohon ƙyauren nan da ke jingine a tsakar gida, ɗauko. Umma, ƙaramar katifa da zani biyu. In mota ba ta zo wurin Baba ba, Baba zai je wurin mota."

Suka shimfiɗa, suka zame shi a kife yadda yake, ta ɗaure shi da zanin a ƙugu da cinya, ta sa masa takunkumi sako-sako. Sannan ta zuge jaka ta zaro fararen riguna biyu a naɗe. Ta warware ɗaya ta zura. Ta cilla masa ɗayar.

"Sa. Za ka kasance kusa da numfashinsa har mota."

Ya warware ta.

Ya tsaya.

Baƙaƙen haruffa huɗu suna kallonsa daga bayan rigar.

"Tun da safe ake rubuta mana su a jere," in ji Auta. "Ba ni da wata. In ba za ka iya ba, cire tunanin, takunkumi ma ya..."

Ya zura ƙafa.

Ta ja masa zif har wuya, ta rufe masa kai, ta sa masa gilashin fuska. Umma ta kalli wannan, ta kalli wancan. 'Ya'yanta biyu, fari fat, ba ka ce ga babba ga auta ba.

Ana dukan ƙofar gida yanzu.

"Ni zan riƙe wajen kai," in ji Auta. "Mai wajen kai shi yake fara fita, kuma da baya zai fita. Ni suke nema, su same ni."

"A'a."

"Yaya, ba lokacin gardama..."

"Na ce a'a. Ni na karanta musu kalmar nan. A bayana za su sake karanta ta."

Ya danna wayarsa, ya buɗe shafin Idon Unguwa, ya kunna bidiyon kai tsaye, ya sa wa Umma a hannu.

"Umma, riƙe haka. Ki biyo mu. Kome ya faru kada ki sauke."

Auta ta dube shi ta cikin gilashi. 

"Gwiwa za ka lanƙwasa, ba baya ba. Sai na ce yanzu. Yanzu."

Suka ɗaga.

A falo tsuntsun ya leƙo, ya yi kukansa, ya shaƙe.

Umma ta zare sakata da hannu ɗaya. Ƙofa ta buɗe, hasken rana ya faɗo ciki, da shi da wayoyi a sama kamar an shuka su.

Yaya ya taka waje da baya.

Hayaniyar ta mutu. Idanu suka sauka kan ƙyauren, kan mutumin da ke kwance a kife a ɗaure, ba ya motsi. Sannan suka hau kan farin bayan da ke matsowa wajensu.

"Inna lillahi! Sun kashe shi!"

"KIFA! Ku duba bayanta! Ita ce ta bidiyon!"

"Ga ta nan!"

Ta saman kafaɗar Yaya, Auta ta hango wani hannu ya ɗaga sama, da rabin bulo a cikinsa.

Shi bai gani ba. Hannayensa biyu suna ƙarƙashin kan Baba.

"Yaya," in ji ta, a natse, da muryar da take aiki da ita. "Kome ka ji a bayanka, kada ka saki."